Amsoshin Wasiƙunku: Sarkin da Ya Ƙone Gargaɗi

Wani mai sauraronmu daga Limawa, Dutse, yana tambaya, wai Allah yakan hukunta al'umma ba gargaɗi?

To malam, buɗe littafin Irmiya, sura 25 da 36. Shekara 23 Annabi Irmiya yana kiran mutanen Yahuza su rabu da gumaka, suka yi kunnen uwar shegu. Da aka karanta wa Sarki Yehoyakim littafin gargaɗin, yana zaune yana jin ɗumi, sai ya riƙa yankansa da wuƙa yana jefawa a wuta. Ka ji taurin kai! Irmiya ya sa Baruk ya sake rubutawa, har da ƙari. Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, zamanin Sarki Zadakiya, rundunar Nebukadnezzar ta ƙone Urushalima da Haikali, aka kwashi jama'a bayi zuwa Babila.