KA BAR TAƁO A ƘOFAR GIDA: AMFANIN MAKANKARIN TAKALMI

Ya kai mai gida, ka sha jin malaman tsabta suna cewa a riƙa sa takalmi. Gaskiya suka faɗa, gama takalmi ya kan tsare ƙafa daga ƙaya, da fasasshiyar kwalba, da tsutsar da ke huda fata. Amma akwai sauran magana. Ƙazantar da takalmi ya hana ta taɓa ƙafarka tana nan manne a ƙarƙashinsa. In ka shiga gida da ita, ka tsare kanka ke nan, ka kuwa kai wa iyalinka cutar. Wannan takarda za ta bayyana maka abin da ke cikin taɓon nan, da yadda za ka yi ɗan abin aiki mai araha wanda zai tsai da shi a waje. Sunansa makankari.

Me ke cikin taɓo?

Taɓon damina ba ƙasa da ruwa kaɗai ba ne. In an yi ruwan sama, ruwan ya kan kwashe duk abin da ya tarar a bayan gari, da juji, da turken dabbobi, da bakin kasuwa, ya gauraya shi da ƙasar hanya. Inda mutane ke zagawa a fili, har kashin mutum yana ciki. Wannan shi ne mafi hatsari, domin a cikinsa ƙwan tsutsar ciki ya ke.

Dubi macijin ciki. Tsawonsa ya kan kai santimita 35. Mace guda tana iya zuba ƙwai wajen 200,000 a rana ɗaya, duka kuwa suna fita tare da bayan gida. Ƙwan ƙanƙane ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. In ya sami ƙasa mai laima da inuwa, cikin mako biyu zuwa huɗu ya nuna. Daga nan yana iya zama da rai shekara da shekaru, gama ɓawonsa mai kauri ne. Ran da yaro ya haɗiye shi sai ya ƙyanƙyashe cikin hanji, ɗan tsutsar ya bi jini zuwa huhu, ya sa tari, ya sake komawa hanji ya girma. Bayan wata biyu ko uku shi ma ya fara zuba nasa ƙwan. Yaron da ke ɗauke da su da yawa ya kan rame, cikinsa ya kumbura, girmansa ya tsaya. Wani lokaci ma su kan dunƙule su toshe hanji, har sai an yi aiki a asibiti.

Akwai kuma tsutsa mai ƙugiya. Ita ba ta jiran a haɗiye ta. Ƙwanta ya kan ƙyanƙyashe cikin ƙasa a kwana ɗaya ko biyu. Bayan kamar mako guda 'ya'yan sun isa su huda fatar ƙafa ko ta hannu, kuma suna iya jira mako uku ko huɗu in ƙasa tana da laima. In sun kai hanji sai su maƙale suna shan jini. Mai ita ya kan ɗashe, ya yi ta kasala da haki. Ta fi wahal da yara da mata masu ciki.

Kada ka ɗauka ƙaramin abu ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da a ke samu daga ƙasa.

Yadda taɓo ke shiga gida

Al'adarmu ce a tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki, al'ada ce kuwa mai kyau. Amma kafin ka kai ƙofar ɗaki, ai ka ratsa zaure, ka ratsa tsakar gida. Ko wane taku ya kan bar ɗan guntun taɓo a ƙasa.

To, yanzu tuna abin da a ke yi a tsakar gida. Nan jariri ke rarrafe, yana tsintar abu yana kai wa baki. Nan yara ke wasa ba takalmi. Nan a ke daka, a ke shanya hatsi da kuɓewa, a ke kife kwanuka, a ke shimfiɗa tabarma a ci tuwo da dare. In taɓon ya bushe sai ya farfashe ya zama ƙura, tsintsiya ta watsa shi, kaji su tona shi, iska ta zuba shi cikin randa. Taɓon ya ɓace wa ido, amma ƙwan macijin ciki yana nan. Saboda haka wurin da ya kamata a tsai da taɓo shi ne ƙofar gida, tun kafin a shiga zaure.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A ƙarni na 18 da na 19, lokacin da dawaki ke jan keken kaya a biranen Turai, titunan London da Paris da Brussels cike su ke da laka da kashin doki. Sai masu gidaje suka riƙa kafa ɗan ƙarfe a gefen ƙofa domin baƙo ya kankare takalminsa kafin ya shiga. Har yanzu a kan ga irinsu a jikin tsofaffin gidajen can. Abin da suka yi da ƙarfen maƙera, kai ma kana iya yinsa da abin da ke gidanka.

Makankari na kafawa

Wannan shi ne babba, wanda a ke kafawa a ƙasa ya zauna wuri ɗaya. Ga yadda a ke yinsa.

1. Nemi tsohon ruwan garma ko na fartanya wanda ya daina aiki. In babu, ɗan falalen ƙarfe mai tsawon taƙi ɗaya da rabi ya isa.

2. Kai shi wurin maƙeri ya miƙe shi, ya dakushe bakinsa sarai, ya lanƙwasa kusurwoyinsa. Lalle kada a bar masa kaifi ko tsini. In ka shafa yatsa a bakinsa ka ji yana neman yanka, bai yi ba tukuna.

3. Sami guntayen itace biyu masu ƙarfi waɗanda gara ba ta cika ci ba, kamar ƙirya ko giginya. Tsaga kan ko wanne, ka cusa ƙarfen a tsaye cikin tsagar, bakinsa yana duban sama, sa'an nan ka buga ƙusa ko ka ɗaure da waya.

4. Haƙa ramuka biyu masu zurfin kamu ɗaya, ka kafa itatuwan, ka daɓe ƙasa da tsakuwa har ya daina motsi. Bakin ƙarfen ya ɗara ƙasa da kamar faɗin tafin hannu. In ya yi ƙasa da haka taɓo zai binne shi, in ya yi bisa tsofaffi za su sha wuya.

5. Kafa shi a gefen ƙofa, jikin bango, inda mutum zai dafa bangon da hannu yana kankarewa. Kada ka sa shi a tsakiyar hanya, domin kada a yi tuntuɓe da shi da dare. In ka shafa wa itatuwan farar ƙasa, za a fi ganinsu.

6. A ƙarƙashin ƙarfen ajiye tsohuwar tasa ko katanga mai faɗi inda taɓon zai riƙa zuba.

In ba ka sami ƙarfe ba, katako mai ƙarfi ma yana yi, sai dai ya kan cinye da wuri, a sake wani.

Makankari na hannu

Takalmin taya da takalmin ruwa mai dogon wuya suna da zane mai zurfi a ƙasansu. Taɓo ya kan shige cikin zanen, na kafawa kuwa ba ya iya zaƙulo shi. Domin wannan sai ka feƙe ɗan itace mai tsawon taƙi ɗaya, bakinsa ɗaya mai faɗi kamar na cokali, ɗayan siriri amma ba mai tsini ba. Huda gindinsa, ka zura igiya, ka rataye shi a bango kusa da na kafawa, inda hannun ƙananan yara ba ya kai. A gefensa rataye gajeriyar tsintsiyar kaba mai tauri.

Waɗannan kaya aikinsu ɗaya tak. Kada a ɗauki wuƙar girki ko cokali a kankare takalmi. Kada kuma a ɗauki tsintsiyar takalmi a share ɗaki da ita.

Yadda a ke aiki da su

In ka iso ƙofa, dafa bango, ka ja ƙasan takalmin bisa ƙarfen daga dunduniya zuwa yatsu, sau biyu ko uku. Karkata ƙafa ka kankare gefe da gefe. In akwai saura cikin zane, tuɓe takalmin ka zaƙulo da na hannu, ka goge da tsintsiya. Ka yi tun taɓon yana ɗanye, gama in ya bushe sai ya tashi ƙura zuwa fuskarka.

In ka taka kashi, kankarewa kaɗai ba ta isa ba. Wanke takalmin da ruwa da sabulu nesa da rijiya, ka kife shi a rana ya bushe ƙayau. Zafin rana da bushewa suna kashe 'ya'yan tsutsa mai ƙugiya da sauri. Ko yaushe ka taɓa takalmi mai taɓo, wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro. In babu sabulu, toka ta fi ruwa zalla.

Ko wace yamma a ɗauki tasar a juye cikin salga, ko a haƙa ɗan rami a binne. In aka bar taɓon ya taru a ƙofa, an mai da juji bakin gida ke nan, ruwan sama na gaba kuwa zai shigar da shi ciki.

Hatsarin ƙarfe mai kaifi

An ce a dakushe ƙarfen, ga dalili. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, musamman na doki da shanu. Ta kan shiga jiki ta rauni, ko da ƙarami ne. Ƙarfen da kullum ya ke cikin taɓo, in ya yanki yaro, hatsari ne babba. In haka ta faru, wanke wurin nan da nan da ruwa mai tsabta da sabulu. Kada a zuba ƙasa ko toka ko kashin shanu a rauni. A kai shi ɗakin magani a ranar, a duba ko yana bukatar allura. Allurar rigakafin da a ke yi wa jarirai da mata masu ciki tana tsare wannan cuta, kada a bar ta ta wuce.

In kana kiwon kaji

Cutar kaji ma ta kan bi takalmi. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya a 2006, aka fara tabbatar da ita a Jihar Kaduna, aka yi hasarar kaji masu yawan gaske. Ƙwayar cutar tana fita cikin kashin tsuntsu, mutum ya taka a kasuwar kaji ko a gidan maƙwabci, ya kai wa nasa. In ka dawo daga kasuwa, kankare takalminka ka wanke shi kafin ka kusanci akurki. In da hali, ware tsohon takalmi guda wanda ba a shiga turke ko akurki sai da shi, ba a kuwa fita da shi ko ina.

Ke uwar gida

Ke ce ke wuni da yara, saboda haka kiyaye wannan doka yana hannunki. Ki nuna wa yara yadda a ke kankarewa tun suna ƙanana, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ki shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma mai tsabta. Ki kwashe kashin jariri nan take ki zuba a salga, gama shi ma yana ɗauke da cuta kamar na babba. Baƙo kuwa ba sai an yi masa magana ba. In ya ga mutanen gida suna tsayawa a ƙofa, shi ma zai tsaya.

Makankari bai ɗauke salga ba

Makankari yana rage ƙazantar da ke shigowa ne, amma tushen cutar shi ne zagawa a fili. Muddin a na yin haka, taɓon gari ba zai rabu da ƙwan tsutsa ba. A kudancin Amurka an kafa hukumar Rockefeller a 1909 domin yaƙi da tsutsa mai ƙugiya. Da aka gwada 'yan makaranta, aka tarar kusan 4 cikin 10 suna da ita. Abin da aka sa gaba shi ne ba da magani, da gina salga, da koya wa mutane tsabta da sa takalmi. Haka ya ke ko ina. Ka haƙa salga mai murfi, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kowa a gida ya yi amfani da ita. In ma'aikatan lafiya sun zo rabon maganin tsutsa a makaranta ko a unguwa, ka bar 'ya'yanka su sha.

Ka tuna

1. Sa takalmi in za ka fita, musamman zuwa salga da gona da turke.
2. Kankare shi a ƙofar gida, tun kafin zaure.
3. Ƙarfen makankari ya zama dakusasshe, a gefen ƙofa.
4. Juye taɓon a salga ko wace rana.
5. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa takalmi.

Kada ka jira sai ruwa ya sauka. Tun da bazara ka kai tsohuwar garmarka wurin maƙeri, ka kafa makankarinka kafin ruwan farko. In kana son ƙarin bayani, tambayi malamin tsabta na yankinku ko ma'aikacin ɗakin magani mafi kusa.