Buɗe Rufi Kafin Hunturu Ya Gama Tattara Kayansa

A makon ƙarshe na watan Maris, lokacin da mutanen Kano da Sakkwato ke bin inuwa suna jiran ruwan farko, wasu 'yan Birtaniya kan fito da ƙananan motocinsu daga gareji, su kaɗe musu ƙura, su nufi Folkestone. A can jirgin ƙasa ke ɗaukar mota da mai ita, ya bi ta ƙarƙashin teku, cikin minti 35 ya sauke su kusa da Calais a Faransa. Motocin masu mazauni biyu ne, gajeru, rufinsu na tamfol ana naɗe shi baya: Mazda MX-5 ta fi yawa, sai irin su Porsche Boxster da BMW Z4. A da, irin wannan balaguro na watannin Yuni zuwa Satumba ne. Yanzu masu shirya shi da dama suna jawo shi baya zuwa Maris da Afrilu, kuma wannan sauyi na wata biyu ko uku ya taɓa kusan komai na tafiyar, tun daga inda ake zuwa har zuwa tayar da ake ɗaura wa mota.

Kafafen labarai kan kira wannan lokaci na Turai da sunan bazara, kuma sunan yana ruɗar mai karatu. Bazararmu zafi ce mai dafa ƙwai. Tasu kuwa lokaci ne da dusar ƙanƙara ta fara narkewa a kwari, itatuwa na toho, da asuba sanyi na iya kaiwa sifiri, da azahar kuma rana ta yi daɗi a kudancin nahiyar. Wannan azahar ɗin ce matafiyan ke bi.

Ba a banza 'yan Birtaniya ke kan gaba a wannan harka ba. Ƙasarsu ta ruwa da hazo ce, amma ta daɗe tana cikin manyan kasuwannin buɗaɗɗun motoci a Turai, kuma ita ce ta haifi MG da Triumph da Lotus Elan, waɗanda Mazda ta kwaikwayi tsarinsu ta fito da MX-5 a baje-kolin motoci na Chicago a 1989. Zuwa Afrilun 2016 an ƙera guda miliyan ɗaya. Abin da mai irin wannan mota ya sani, wanda mai kallo daga nesa bai sani ba, shi ne ba don zafi aka yi ta ba. Duk wanda ya taɓa hawa bayan a-kori-kura da tsakar rana ya san abin da rana ke yi wa tsakiyar kai. Idan zafi ya haura digiri 35, ga cunkoso ya tsayar da iska, direba yakan rufe rufin ya kunna na'urar sanyaya mota, sai ta koma kamar kowace mota, har ma ta fi su ƙunci. Daɗinta yana tsakanin digiri 15 da ashirin da 'yan kai.

Nan ne babban dalilin sauyin yake. Lokacin zafi na kudancin Turai ya fita daga wannan ma'auni. A Yunin 2019 an auna digiri 46 a kudancin Faransa. A Agustan 2021 an auna 48.8 kusa da Siracusa a tsibirin Sisili na Italiya, wanda shi ne mafi tsanani da aka tabbatar a nahiyar. A Yulin 2022 ita kanta Ingila ta haura 40 a karon farko, a Yulin 2023 kuma gobarar daji ta sa aka kwashe dubban baƙi daga tsibirin Rhodes na Girka. Mutumin da ya tara kuɗi shekara guda don ya ji iska a fuskarsa, da wuya ya sake zaɓar Agusta bayan ya ɗanɗana irin wannan. Har Afrilu ma ba ta tsira gaba ɗaya ba: a ƙarshen Afrilun 2023 birnin Cordoba na Sifaniya ya kusa taɓa digiri 39.

Sai cunkoso. Hanyoyin da suka yi suna, sunan ne ya cinye su. Bayan shirin talabijin na Top Gear ya yabi mashigar Stelvio ta Italiya a 2007, da hanyar Transfagarasan ta Romaniya a 2009, sai suka zama wuraren da kowane mai mota ke son ya ce ya taka, kuma a tsakiyar lokacin hutu mutum kan bi bayan motar kwana da ayarin babura da masu keke, yana tafiyar hawainiya a kan hanyar da aka ce masa ita ce mafi daɗin tuƙi a duniya.

Akwai kuma dalilai na cikin gida, waɗanda a ganina ba a ba su nauyin da ya dace. A Birtaniya ana watsa gishiri a kan tituna duk hunturu don hana santsin ƙanƙara, gishiri kuwa shi ne babban abokin gabar ƙarfen ƙasan mota; tsofaffin MX-5 sun yi ƙaurin suna wajen tsatsa. Saboda haka masu su da yawa kan kulle su daga Nuwamba, wasu ma su sanar da hukuma cewa motar ba ta kan hanya don a dakatar da harajinta. Wata huɗu ko biyar mutum yana wucewa ta gefen gareji yana leƙe. Da Maris ya zo, rana ta fara tsawo, aka matsar da agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta watan, ɗoki ba ya barin a jira Yuni. Ga shi kuma mazauni biyu kawai gare ta, don haka masu tafiyar galibi miji da mata ne da 'ya'yansu suka girma, ko waɗanda ba su da yara, babu hutun makaranta da ya ɗaure su. Masauki ya fi araha, jirgin fito ma haka. Motocin kansu sun rage wahalar sanyi: kujeru masu ɗumama baya, garkuwar iska a bayan kai, Mercedes ma tun 2004 ta saka bututun da ke hura iska mai ɗumi a wuyan direba.

To, amma duwatsu ba su san an sauya jadawali ba. Stelvio, mai tsayin mita 2,757 da lanƙwasa 48 a ɓangarenta na arewa, a rufe take har wajen ƙarshen Mayu. Galibier da Iseran a Faransa sukan kai ƙarshen Mayu ko Yuni. Hanyar Grossglockner ta Austriya sai farkon Mayu, Transfagarasan kuwa sai wajen ƙarshen Yuni. Wato duk hanyoyin da suka cusa wa mutum sha'awar tafiyar, babu ɗaya da zai samu a buɗe a watan da ya zaɓa. Wanda bai bincika ba yakan yi gudun gara ya faɗa gidan zago, ya tsere wa zafi ya je ya tarar da shinge da tulin dusar ƙanƙara da ya fi motarsa tsayi.

Sakamakon farko ke nan: taswirar balaguron ta karkata kudu maso yamma, ta kuma sauko ƙasa. Maimakon tsaunukan Alps, sai a shiga jirgin ruwa daga Portsmouth ko Plymouth, a kwana a teku, a sauka Santander ko Bilbao a arewacin Sifaniya, a nufi kudu. Hanyar N2 ta Fotugal, wadda ta ratsa ƙasar daga Chaves zuwa Faro, kilomita 739, ta samu sababbin masoya. Haka N222 da ke bin kogin Douro tsakanin Peso da Regua da Pinhao, da hanyar da ke hawa daga gaɓar teku zuwa garin Ronda a Andalus. A Faransa kuma akwai hanyar Napoleon, kimanin kilomita 325 daga Golfe-Juan zuwa Grenoble, wadda shi Napoleon ɗin ya bi a watan Maris na 1815 bayan ya baro tsibirin Elba. Mashigarta mafi tsayi ba ta kai mita 1,300 ba, don haka akasari a buɗe take.

Ni wannan sakamakon nake gani mafi alheri a cikin lamarin duka. Garuruwan tsakiyar Fotugal da na cikin Sifaniya sun daɗe suna rasa matasansu, suna kallon kuɗin baƙi na zuba a bakin teku. Matafiyin da ke cikin mota mai but ɗin da bai wuce lita 130 ba, ba ya iya ɗauko abincinsa da gadonsa daga gida kamar mai motar kwana. Dole ya kwana a masaukin gari, ya ci a gidan abincin gari, ya sha mai a gidan man gari, kuma yana yin haka a watan da ɗakunan ke zaune babu kowa. Ga mai ƙaramin masauki, baƙo biyu a Maris na iya zama bambanci tsakanin riƙe ma'aikaciya da sallamarta.

Sakamako na biyu shi ne wanda ya fi damuna, domin ya shafi rai. Waɗannan motoci ƙafafun baya ne ke tura su, ba su da nauyi, kuma yawanci suna kan tayoyin lokacin zafi, waɗanda robarsu ke taurara idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. Da ƙarfe biyu na rana hanya a bushe take, taya ta kama. Da ƙarfe takwas na safe, a kwanar da dutse ya yi wa inuwa, ruwan da ya narke jiya ya sake daskarewa cikin dare, ba a ganinsa sai an hau. Ƙara da tsakuwa da yashin da aka watsa a hunturu ba a share ba tukuna, ƙara da direban da ya yi wata biyar bai riƙe wannan sitiyari ba, yana zaune a dama yana tuƙi a hannun da bai saba ba, ba ya hango gaba sosai idan zai wuce babbar mota. Wanda yake son tafiyar Maris, ya fara da kuɗin taya kafin kuɗin otal.

Doka ma ta faɗi haka. Tun 2021 Faransa ta wajabta tayoyin hunturu, ko riƙe sarƙar taya a mota, a yankunan duwatsu daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, kuma hanyar Napoleon ta ratsa wasu daga cikinsu. A Austriya wa'adin yana kaiwa 15 ga Afrilu idan akwai ƙanƙara a hanya, haka a kan wasu hanyoyin Italiya. Sarƙar kanta matsala ce, don ba kowace gajeriyar mota ke da sararin ɗaura ta ba, kuma tana cin wuri a but ɗin da dama jaka biyu ke cika shi. Sauran takardu ba su da wuya, yawa ne da su: sitikar UK da ta maye gurbin GB a Satumban 2021, gyaran fitilun gaba don kada su kashe wa masu tahowa ido, sitikar hayaƙi ta Crit'Air a wasu biranen Faransa, da tsakiyar tsofaffin garuruwan Italiya inda kyamara ke rubuta tara, takardar ta iske mutum a gida bayan watanni.

Yanayi ma ba ya alkawari. Arewacin Sifaniya, inda jirgin ke sauke mutane, yanki ne mai ruwa. Iskar Mistral tana kaɗawa da ƙarfi a kwarin kogin Rhone a wannan lokaci, ta sa a rufe rufi ko da sama ta washe. A Maris ɗin 2025 an yi ta tafka ruwa a Sifaniya, har zaftarewar dutse ta rufe hanyar Ronda na tsawon watanni. Sai kuma bikin Ista, wanda ke yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A makonsa biranen Andalus cike suke, farashin ɗaki ya koma na tsakiyar lokacin hutu.

Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da motocin kansu ke raguwa a kasuwa. Mercedes ta daina SLC a 2020, Audi ta daina TT a 2023, Jaguar ta daina F-Type a 2024, jama'a sun koma manyan motoci masu tudu. Ina ganin wannan ma yana ƙara wutar ɗokin: wanda ya ga abin da yake ƙauna yana ƙarewa, yakan so ya more shi fiye da wata uku a shekara.

Akwai mutanen da ba a tambaya ba, su ne mazauna bakin waɗannan hanyoyi. Ƙarar inji a cikin kwari ba ta ɓacewa, duwatsu ne ke maido da ita. A jihar Tirol ta Austriya, tun 2020 aka hana babura masu ƙara fiye da ƙima bin wasu hanyoyi, yanzu daga tsakiyar Afrilu zuwa Oktoba, Faransa kuma ta fara gwada na'urorin kama masu ƙara a 2022. Mutumin ƙauye da ya haƙura da wata huɗu na hayaniya, yana ƙirga Maris da Afrilu cikin watannin hutunsa, yanzu su ma an fara shiga masa. Ayarin ƙungiyar masu mota, guda goma sha biyar a jere suna kuwwa cikin gari mai titi ɗaya, ya sha bamban da miji da mata da suka rage gudu a bakin gari suka tsaya shan shayi, amma a kunnen mai gida duka baƙi ne masu buɗaɗɗiyar mota, kuma hukuncin da za a yanke kan na farko zai faɗa kan na biyu. Alamar hakan ta riga ta bayyana a gaɓar Amalfi ta Italiya, inda a 2022 aka kafa dokar karɓa-karɓa: motar baƙo mai lamba mara ta shiga yau, mai lamba cika ta shiga gobe. Dokar ba ta tsaya kan Agusta ba, ta haɗa har da makon Ista.