Matar da ta Sauka Daga Jirgi ta Shiga Daji

Yau ƙasar Kanada za mu leƙa.

A shekarar 1885 aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wadda ta ratsa duwatsun yammacin Kanada. Jirgi yakan sauke mutum a 'yar tasha, amma daga nan in ya nufi arewa sai daji da koguna da hanyoyin ƙafa na 'yan asalin ƙasar, waɗanda galibinsu ba a zana su a takarda ba.

Da wannan jirgi Mary Schäffer, wata Ba'amurkiya, ta fara zuwa wurin a 1889. Mijinta likita ne mai sha'awar tsirrai, ita ce ke zana masa furanni. Da ya rasu a 1903, tana da shekara arba'in da 'yan kai, sai ta ɗaura aniyar ƙarasa littafin da ya fara. Dole ta koyi hawan doki da kwana a tanti, abin da a da take jin tsoro.

To, tana ta jin labarin wani babban tabki a bayan duwatsu. A 1907 ta neme shi ba ta samu ba, sai ta haɗu da Samson Beaver, mutumin ƙabilar Stoney, wanda ya taɓa zuwa can yana yaro tare da mahaifinsa. Da ka ya zana mata hanyar a 'yar takarda. Ki duba fa, shekaru masu yawa sun wuce, amma bai mance ba!

A 1908 ita da ƙawarta Mollie Adams da masu yi musu jagora suka tashi da dawaki daga tashar Laggan, wadda yanzu ake kira Lake Louise. Bayan kamar wata guda suka isa tabkin Maligne, mai tsawon kusan mil 14. Suka ɗaure gumagumai suka hau, suka shiga ruwan.

Wasu kan ce ita ta gano tabkin. A ganina wannan rashin adalci ne ga Samson da mutanensa, waɗanda tuni suka sa masa suna Chaba Imne.

A 1911 hukumar binciken ƙasa ta Kanada ta nemi ta koma ta auna tabkin ta zana taswirarsa, alhali ba ta taɓa karatun safiyo ba. Ta koya, ta je, ta yi. Ke 'yar makaranta, in kin buɗe littafin taswira, nemi garin Jasper a lardin Alberta. Tabkin yana kudu maso gabas da shi.