Shirin Musamman: Ƙauyen da Ya Ba Masu Taɓin Hankali Masauki

Yau Abeokuta za mu leƙa, a jihar Ogun.

A shekarar 1954 wani matashin likita, Thomas Adeoye Lambo, ya dawo gida daga Ingila, inda ya ƙware a kan cututtukan ƙwaƙwalwa. Aka ba shi asibitin Aro da ke Abeokuta, wanda ko gininsa ba a gama ba. A lokacin, wanda hankalinsa ya taɓu makomarsa sananniya ce: ko a kulle shi a gidan mahaukata irin na Yaba, ko kurkuku, ko dangi su sa shi a turu a bayan gida.

Lambo bai jira magina ba. Ya je ya zauna da dagatan ƙauyuka 4 da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su wata alfarma mai nauyi: su karɓi majinyata haya a cikin gidajensu. Ku auna da kanku, jama'a. Wa zai yarda a sauke masa wanda ake ce wa mahaukaci a ɗakin da ke kusa da na 'ya'yansa?

Sharaɗin shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan'uwa, yawanci uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo. Ita za ta dafa masa abinci, ta wanke masa kaya, ta raka shi asibiti da safe ya karɓi magani, da yamma su koma masauki. Masu gida kuma suna karɓar kuɗin haya, an ba su rance su ƙara ɗakuna, an kawo musu ruwan sha da ɗakin shan magani. Wato ba wa'azi kaɗai aka yi musu ba, su ma sun ga riba, kuma a ganina babu abin kunya a nan. Masu maganin gargajiya ma bai kore su ba, ya jawo su cikin aikin, tunda wurinsu ake fara zuwa.

Sannu a hankali mutanen gari suka ga da idonsu abin da ba a saba gani ba. Wanda aka kawo yana sambatu, ga shi bayan 'yan makonni yana gaida mutane, yana ciniki a kasuwa, har ya ɗaure kayansa ya koma garinsu. Tsoro ya ragu. Lambo kuwa daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

A nan wajenmu fa? Har yau idan ana binciken aure, da zarar an ce "gidansu akwai taɓuwa", magana ta mutu. Shi ya sa ake ɓoye mara lafiya, a ce iska ce ko sammu, sai abu ya ta'azzara. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa dubban masu wannan lalura suna ɗaure da mari a faɗin Najeriya. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Asibitocin ƙwararru muna da su: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, da na Maiduguri. Mako mai zuwa za mu duba yadda ake ganin likita a can, da abin da ya kamata mai rakiya ya tanada kafin ya kama hanya.