Faifan Wasa Na Hannu: Wa Ke Cin Ribar Cinikinsa?

Faifan wasan bidiyo na na'urori irin su PlayStation da Xbox ba ya tsufa kamar sauran kaya. Rigar gwanjo ta koɗe, motar hannu ta sha hanya, amma faifan da wani ya buga har ƙarshe, muddin bai karce ba, wasan da ke cikinsa daidai yake da na sabo fil. Saboda haka kamfanonin da ke ƙirƙirar wasanni suke kallon kasuwar faifan hannu a matsayin kishiya.

Tushen rigimar shi ne rabon kuɗi. A Amurka an daɗe ana sayar da sabon wasa dala 60, kafin wasu su kai dala 70 daga 2020. Kuɗin nan ana raba shi tsakanin mai shago, da kamfanin da ya fitar da wasan, da mai na'urar, wato Sony ko Microsoft ko Nintendo. Idan kuwa faifan ya dawo kasuwa karo na biyu, mai shago ne kaɗai ke cin riba. GameStop, babban dilan wasanni a Amurka, a kan wannan ya tsaya da ƙafarsa: yana karɓar faifai da araha, ya sayar da shi ƙasa kaɗan da farashin sabo. A wajajen 2012, kayan hannu sun ɗan haura rubu'in cinikinsa, amma su suka kawo masa sama da kashi 40 cikin 100 na ribarsa.

Doka ba ta goyi bayan kamfanonin ba. A Amurka, tun wani hukuncin Kotun Ƙoli na 1908 kan cinikin littattafai, wanda ya sayi kwafi halal yana da ikon sayar da shi. A Japan ma Kotun Ƙoli ta halatta cinikin faifan wasa na hannu a 2002. Da ƙofar kotu ta rufe, sai aka koma ga dabara. A 2010 kamfanin Electronic Arts ya fito da Online Pass: kowane sabon faifai yana zuwa da lambar sirri mai aiki sau ɗaya tak, wanda ya sayi na hannu kuma sai ya biya dala 10 kafin ya yi wasa da wasu ta intanet. Masu saye suka yi ta ƙorafi, kamfanin ya soke tsarin a 2013.

A shekarar ce aka yi gwaji mafi girma. A farkon Yuni 2013 Microsoft ta bayyana cewa sabuwar na'urarta Xbox One sai ta haɗu da intanet sau ɗaya a kowane awa 24. Sayar da faifai sai a shagunan da aka amince da su, kuma kamfanin wasa yana iya hana hakan gaba ɗaya. Kyauta ma sau ɗaya aka yarda, ga wanda ya yi kwana 30 a jerin abokan mai shi. Sony ta ga banza ta faɗi. A bikin baje kolin E3 ta sanar cewa PlayStation 4 ba ta da wannan takunkumi, ga shi farashinta dala 399, Xbox One kuwa 499. Ta kuma saki ɗan gajeren bidiyo na koyar da yadda ake ba da aron wasa: wani jami'inta ya miƙa wa abokin aikinsa faifai, shi kuma ya karɓa ya yi godiya. Ranar 19 ga Yuni Microsoft ta janye sharuɗɗan.

Kuskuren lissafin kamfanonin shi ne ɗaukar kowane faifan hannu a matsayin sabon da aka yi asarar cinikinsa. Mai biyan dala 60 yana sane cewa zai iya maido da wani abu idan ya gama, don haka ainihin kuɗin da ya kashe bai kai 60 ba. In aka hana shi sayarwa, wasan ya yi masa tsada ke nan ko da farashi bai motsa ba. Ban da haka, da yawa daga masu kai tsohon faifai shago ciko suke yi su ɗauki sabo. Masana biyu, Masakazu Ishihara da Andrew Ching, sun nazarci kasuwar Japan, suka gano cewa rufe kasuwar hannu zai rage ribar kamfanoni idan farashi ya tsaya cik, amma zai iya ƙara ta idan an sauke farashin sabo.

Abin da tilas ta kasa yi, sauƙi ya yi shi. Wasan da aka sauke ta intanet yana ɗaure da asusun mai shi, ba a sayar da shi, kuma babu kason mai shago a ciki. A 2020 Sony ta fitar da PlayStation 5 iri biyu, mai cin faifai dala 499, marar faifai dala 399. Xbox Series S ma ba ta da wurin faifai. Rangwamen dala 100 ɗin tamkar kuɗin sayen 'yancin sake sayarwa ne daga hannun mai sayen na'ura. Tsarin biyan kuɗin wata-wata irin Game Pass, da aka fara a 2017, ya ƙara mayar da wasa abin haya.

Nauyin wannan sauyi ya fi faɗawa kan ƙasashen da kuɗi ke da wuya. A Najeriya da Nijar, faifan hannu da musayarsa tsakanin abokai ne ke sauƙaƙa wa matasa da masu gidajen gem. Sabon wasa na iya wuce gigabait 50, sauke shi kuma yana cin data mai yawa, yana buƙatar wuta tsayayya da katin da zai iya biyan kuɗin waje. Duk na'urar da aka ƙera ba wurin faifai, ranar da ta iso waɗannan kasuwanni a matsayin ta hannu, ba za ta zo da wasannin hannu masu araha ba.