Ciwon Sukari da Cututtukan da ke Rakiyarsa

Bayaninmu na yau a kan ciwon sukari ne, da cututtukan da ke biyo shi.

Duk wanda ya saba zuwa dubiya a babban asibitin ƙasa na Damagaram ya san cewa sau da yawa ba hauhawar sukari kaɗai ke kwantar da mutum ba. Wannan an kawo shi da shanyewar ɓarin jiki, wancan ƙafarsa ta ruɓe, wani kuma ana yi masa wankin ƙoda. Dalili kuwa shi ne, sukari idan ya daɗe da yawa a cikin jini yana lalata jijiyoyi sannu a hankali, alhali mutum bai ji ciwon komai ba.

Na farko shi ne hawan jini. Idan awo ya riƙa kaiwa 14 bisa 9 ko fiye, to ya hau. Haɗuwarsa da sukari ita ce babbar ƙofar ciwon zuciya da shanyewar jiki. Yawan gishiri da dunƙulen miya da taba suna ƙara rura shi.

Na biyu ƙoda. Takan yi shekaru tana lalacewa kafin ƙafafu su kumbura, amma gwajin fitsari da na jini yana tona ta da wuri. Ƙishirwa mai tsanani tana cutar da ita, musamman a bazara lokacin da zafin Damagaram ke wuce digiri 40. Haka nan magungunan ciwon jiki da ake saye a hannun masu talla.

Na uku ido. Ƙananan jijiyoyin cikinsa kan riƙa yoyo har gani ya dushe, don haka a kai shi ga likita sau ɗaya a shekara ko da ana gani garau.

Na huɗu ƙafa. Takan mutu har ƙaya ta soki mutum bai sani ba, mikin ya ƙi warkewa, a ƙarshe a kai ga yankewa. A lokacin alwala a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, a tsane su, kuma a bar tafiya ba takalmi.

To ina hukuncin azumi? Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani wajibi ne ya sha. Wanda zai iya ramawa ya rama. Wanda ba zai taɓa iyawa ba, an so ya ciyar da mudun Annabi guda a madadin kowace rana. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Sharja a 2009, ta karkasa masu sukari gwargwadon hatsarin da ke kansu, ta kuma hukunta cewa masu hatsari mai girma, kamar wanda ƙodarsa ta gaza, su ajiye azumi.

Wanda likita ya amince masa ya yi azumi, ya riƙa auna jininsa da rana, domin ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi. Idan awo ya sauka ƙasa da gram 0,70, ko ya haura gram 3, ko ya ji rawar jiki da gumi da jiri, ya sha ruwa nan take, ko da saura kaɗan rana ta faɗi. Ya jinkirta sahur, ya rage sukari a kunu da zoɓo da shayi, kada kuma ya sauya lokacin shan magani da ra'ayinsa.

Iyalai, kada ku kunyata dattijon da ya sha azumi bisa larura. Jiki amana ne, kuma karɓar rangwamen Allah biyayya ce gare Shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya karɓi ibadunmu. Amin.