Daƙiƙa goma tsakanin kofi da narkakken inji: Yadda ake zaɓar famfon mai na motar tseren rubu'in mil

A filin tsere na Pomona da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, motoci biyu kaɗai ake jerawa a layi, gabansu miƙaƙƙiyar kwalta babu kwana. A tsakaninsu akwai sandar fitilu da 'yan wasan ke kira bishiyar Kirsimeti. Da zarar koriyar fitila ta kama, kowane direba zai danne totur har ƙasa, ba zai ɗaga ƙafa ba sai ya cinye rubu'in mil, wato mita 402. Wannan shi ne tseren da Amurkawa ke kira dirag, wanda Wally Parks ya kafa wa ƙungiyar NHRA a 1951 domin raba matasa da yin gudun ganganci a titunan gari.

Masu zuwa irin waɗannan filaye sun saba ganin wani abin takaici. Mota za ta tashi kamar kibiya, ta ba abokiyar karawarta rata, amma tana dab da ƙarshen layi sai muryar injin ta canza, hayaƙi ya turnuƙe. Idan aka buɗe injin sai a tarar kan fistin ya ɓule kamar an hura masa wutar walda. Sau da yawa idan aka bi sawu, laifin yakan koma kan wata 'yar na'ura da ba ta wuce girman gwangwanin madara ba: famfon da ke tura mai daga tanki zuwa inji.

Abin da ƙarancin mai ke yi wa inji

Injin fetur yana ƙone mai sarai idan aka haɗa kilo 14.7 na iska da kilo ɗaya na fetur. A lokacin cikakken gudu kuwa, makanikai sukan ƙara mai har haɗin ya sauko wajen 12.5 zuwa 13, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. Idan famfo ya gaza, iska ta rinjayi mai, zafi yakan hau nan take, haɗin ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba. Motar gida da ke tafiyar hawainiya a cunkoso za ta iya yin shekaru da raunannen famfo, iyakarta ta riƙa shaƙewa a hawa. Injin tsere da ke aiki iya ƙarfinsa ba shi da wannan sararin. Daƙiƙa biyu ko uku sun isa a yi asarar abin da aka shekara ana tarawa.

Manyan motocin ajin Top Fuel, masu wuce kilomita 530 a sa'a, ba sa cikin wannan lissafi, domin injinsu ne da kansa ke juya famfonsu. Su ne kuma aka rage wa tazara zuwa ƙafa 1,000 a 2008, bayan hatsarin da ya yi ajalin direba Scott Kalitta a jihar New Jersey. Famfon lantarki na talakawan wasan ne: dubban masu motocin da ke cinye tazarar cikin daƙiƙa tara zuwa goma sha biyu, waɗanda akasarinsu da kuɗin aljihunsu suke haɗa motar a garejin gida.

Lissafi kafin ciniki

Gogaggen mai haɗa mota yakan fara da alƙalami kafin ya je kanti. Injin fetur da ke shaƙar iska da kansa yana shan kimanin giram 230 na mai a sa'a kan kowane doki ɗaya na ƙarfinsa. Injin mai doki 600 ke nan zai sha kilo 138, kuma tunda litar fetur ba ta kai kilo guda ba, wannan ya kama wajen lita 185 a sa'a. Idan an ɗora wa injin turbo, buƙatar kan haura zuwa giram 280 kan kowane doki, wato kusan lita 230.

Irin man ma yana da tasa magana. Man E85, wanda mafi yawansa sinadarin etanol ne, ana shansa da ƙarin kusan kashi 30 cikin 100 a kan fetur, don haka injin turbon nan zai nemi kusan lita 300. Metanol kuwa sai an ninka adadin fetur sau biyu ko fiye. Sanannen famfon nan na Walbro da ake kira 255, saboda lita 255 da yake turawa a sa'a, zai wadatar da inji na farko, ya yi kusa da iyakarsa a na biyu, ya gaza a na uku, alhali ƙarfin dokin bai canza ba. Shi ya sa ake ƙara rarar kashi 15 zuwa 20 a kan abin da lissafi ya bayar, saboda tsufan famfo da toshewar matata.

Adadin da ke jikin kwali

A nan ne sababbin shiga suka fi faɗawa rami. Kamfanoni da dama suna buga adadin man da famfo ke fitarwa idan bakinsa a buɗe yake, babu abin da ya tare shi. A cikin mota kuwa famfo yana tura mai ne yana kokawa da matsi, kuma duk lokacin da matsi ya ƙaru, yawan man da yake fitarwa raguwa yake yi. Abin dubawa shi ne jadawalin da ke nuna lita nawa famfon ke bayarwa a daidai matsin da injin zai yi aiki da shi.

Matsin kuma ya danganta da tsarin injin. Kafireto yana buƙatar psi 6 zuwa 7 ne kacal. Idan ya wuce haka mai zai yi ambaliya. Injin injekta yakan nemi psi 43.5, wasu irin na LS na kamfanin General Motors suna aiki da 58. Idan akwai turbo, na'urar daidaita matsi tana ƙara psi ɗaya na mai kan kowane psi ɗaya na iskar da turbon ya cusa. Injin da ya fara da 43.5, aka cusa masa iska ta psi 20, ya koma neman 63.5. Ma'ana, a daidai lokacin da injin ya fi jin ƙishirwa, a lokacin ne famfon ya fi rauni.

Nauyin da ba a gani

Akwai wata matsala da motar titi ba ta san ta ba. Lokacin da mota ta zabura, duk abin da ke cikinta yana komawa baya, har da man da ke cikin bututu. Idan tanki yana but, inji yana gaba, tsakaninsu bututu mai tsawon mita huɗu, to zaburar da ta kai ƙarfin jan ƙasa sau ɗaya tana cinye wajen psi 4 daga matsin famfo. Motar da ke cin ƙafa 60 na farko cikin daƙiƙa ɗaya da rabi tana zabura da kusan ninki ɗaya da rabi na wannan ƙarfi, wato asarar psi 6. Famfon da iyakarsa psi 7 zai yi ta juyawa, amma man na tsaye cik a bututu, kafireto na shan abin da ya rage a kwanonsa har ya ƙafe.

Maganin da aka saba shi ne a sa famfo mai matsi sama da abin da kafireton ke buƙata, sannan a ɗaura na'urar daidaita matsi a gaba, kusa da inji, ta sauko da shi. Wasu kuma sukan mayar da ƙaramin tankin tsere gaban mota baki ɗaya, yadda zaburar za ta riƙa taimaka wa man maimakon ta yi masa tarnaƙi.

Wuta, waya da matata

Famfon lantarki gwargwadon wutar da ya samu yake juyawa. Adadin da kamfani ya buga galibi an auna shi ne a kan bolt 13.5, irin wutar da mota ke bayarwa idan na'urar cajinta na aiki. Motocin tsere da yawa an cire musu wannan na'ura don rage nauyi, batir kaɗai suke dogaro da shi, shi ya sa wasu suka koma batir mai bolt 16. Siririyar waya ma tana cinye wuta a hanya, don haka ake ja wa famfo waya mai kauri kai tsaye daga batir, ta hanyar rile da fis nasa na kansa.

Wurin ɗaura shi ma abin lura ne. Famfon lantarki gwanin turawa ne, ba gwanin zuƙa ba. Ana sa shi cikin tanki, ko ƙasa da shi ta baya, yadda mai zai gangaro masa da kansa. Idan aka matse masa hanyar shiga, man yakan yi kumfa a bakinsa, ya riƙa ƙara, ya ci kansa. Saboda haka ake sa matata mai manyan ƙofofi, ta maikiron 100, kafin famfo, sannan mai ƙanana, ta maikiron 10, bayansa don kare injekta.

Mai amfani da etanol ko metanol dole ya tabbatar an ƙera famfon da robobinsa don irin wannan mai, domin yana cin wasu robobi da ƙarafa, yana kuma jawo danshi. Masu motoci a Abuja da Legas sun ɗanɗani wani abu makamancin haka a watan Fabrairun 2022, lokacin da hukumar NMDPRA ta tabbatar da cewa an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa, dogayen layuka suka dawo gidajen mai.

Babba ma yana da illa

Mai jin tsoron ƙarancin mai zai iya cewa bari ya sayi mafi girma a kanti ya huta. Wannan ma kuskure ne. Famfon da ya fi ƙarfin inji yana zagaya da mai daga tanki zuwa gaba ya dawo ba hutawa, man ya yi zafi har ya fara tururi a bututu. Yana iya fin ƙarfin bututun da ke mayar da rara, matsi ya hau, inji ya shaƙe da mai a layin farawa. Ga kuma zuƙe batir. Shi ya sa masu motar da ke tsere ranar Asabar, ta je aiki ranar Litinin, sukan sa na'urar rage gudun famfo, ko su haɗa ƙanana biyu, na biyun ba ya tashi sai turbo ya fara aiki.

Babban famfo yana da wani haɗarin kuma: idan bututu ya tsinke a hatsari, zai ci gaba da feshin mai muddin akwai wuta. Dokokin NHRA sun wajabta makunnin kashe wuta gaba ɗaya a bayan duk motar da aka sauya wa batir wuri, inda ma'aikatan ceto za su kai hannu daga waje, sun kuma hana bututun mai ratsawa ta ɗakin direba.

Kafin a fita fili, tsofaffin makanikai suna da gwajin da ba ya buƙatar kwamfuta. A kwance bututu a inda yake shiga inji, a sa shi cikin galan a sarari nesa da wuta, a kunna famfo, a duba agogo. Injin da ke buƙatar lita 185 a sa'a, da rararsa, ya kamata ya samu lita huɗu cikin kusan minti ɗaya. Wannan gwaji yana auna famfo da waya da matata da bututu a lokaci guda. Abin da ya rage shi ne na'urar da ke rubuta matsin mai tun daga tashi har ƙarshen layi. Idan layin da ta zana ya miƙe, an dace da famfo. Idan ya fara sunkuyawa a giya ta ƙarshe, gara a ɗora motar a tirela a koma gida tun fistin bai ba da nasa labarin ba.